Nijar ta ɗauki Hausa, Nijeriya ta koma Ingilishi: wa zai koya wa yaro rubuta takarda?

Idan ba a manta ba, a cikin shekarar 2025 gwamnatocin ƙasashen nan biyu da jama'armu ke cin kasuwa a tsakaninsu sun yanke hukunci iri biyu masu karo da juna a kan maganar harshe. A ranar 26 ga watan Maris na shekarar ne Janar Abdourahamane Tiani ya sanya hannu a kan sabon kundin tafiyar da mulkin Jamhuriyar Nijar, wanda sashe na 12 a cikinsa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A watan Nuwamba kuma sai ga Ministan Ilimin Nijeriya, Dokta Tunji Alausa, ya tashi a wani taro a Abuja ya sanar da soke manufar nan ta 2022 wadda ta ce a koyar da yara da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare. Ya ce Ingilishi ne harshen koyarwa tun daga ajin farko har zuwa jami'a, hujjarsa kuwa ita ce yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun fi rungumar harshen gida.

Tun daga lokacin ake ta ka-ce-na-ce a rumfunan kasuwa, daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, daga Illela zuwa Birnin Konni, daga Mai'aduwa zuwa Matamaye. Wasu na cewa Nijar ta yi abin da ya dace, wasu na cewa ai takardar kwastan ba ta jin Hausa. Mu dai abin da muka lura da shi shi ne, duk cikin wannan muhawara ba mu ji wanda ya tsaya ya tambayi abin da yaron da ya gama firamare, a wannan ɓangare ko a wancan, yake iya rubutawa da kansa, ko da wane harshe ne.

Abin da ya tayar mana da wannan tambaya wata 'yar takarda ce da wani mai sayar da wake ya kawo mana gidan rediyonmu na karkara a nan ɓangaren Nijar, yana neman mu sasanta shi da direban da ke kai masa kaya. Ya aiki direban da kuɗi zuwa ga wata Hajiya da suke hulɗa da ita a tsallaken iyaka, ya kuma haɗa shi da ɗansa wanda ya gama aji shida, don yaron ya rubuto masa yadda aka yi. Takardar da ta dawo layi ɗaya ce: "Direba ya bata dubu goma." Rubutun kamar an buga da inji, ga kyau ga tsabta. To amma direba ya ba ta kuɗin ne, ko ya ɓata su? Dubu goman na naira ne ko na sefa? In na sefa ne, da lissafin takarda aka yi ko da lissafin bakin kasuwa, inda ake ƙirga dala, dubu goma ta zama sefa 50,000? Babu kwanan wata, babu sunan wadda ta karɓa, babu sa hannu. Uban ya karanta "ɓata", ya tare direba da maganganu a tasha, har sai da aka kira Hajiya a waya kafin ƙura ta lafa.

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Da muka tambaye shi da baki, tiryan-tiryan ya ba mu labarin, har da launin ledar da aka ƙunshe kuɗin. Abin da ba a taɓa koya masa ba shi ne ya tuna cewa mai karanta takarda ba ya wurin da abin ya faru, kuma ba zai iya tsayar da takarda ya yi mata tambaya ba.

Duk wanda ke son ya ga inda matsalar take, ya karɓi kayen ɗansa ko littafin rubutunsa yau da dare ya buɗe. A lakwal ɗin Nijar zai tarar da kwanan wata da Faransanci, sai taƙaitaccen darasi da mushe ya rubuta a allo aka kwafa, sai dikte da jan biro a kai. A firamaren Nijeriya ma haka abin yake, sai dai can da Ingilishi ake kwafar. In an zo ajin da ake yin insha'i, sau da yawa malami ne ke rubuta samfuri a allo, misali a kan babban abokina ko yadda na yi hutu, yara su haddace, ranar jarrabawa su juye. Shi ya sa sai ka ga aji guda kowa abokinsa sunansa ɗaya, kowa kuma ƙauye ɗaya ya je hutu. Shekara shida yaro yana riƙe da alƙalami, amma da wuya ka sami shafi ɗaya a kayensa wanda maganar da ke ciki tasa ce.

Alƙaluman da ake da su ma ba masu daɗin ji ba ne. Akwai wani gwaji mai suna PASEC da ƙungiyar ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci ke gudanarwa. A zagayen 2014, cikin ƙasashe goma Nijar ce ta zo ƙarshe, inda yaran ajin ƙarshe na firamare da suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su cika ɗaya cikin goma ba. A zagayen 2019 an samu ci gaba, adadin ya kai wajen uku cikin goma. Abin lura a nan shi ne karatu da lissafi gwajin ke aunawa. Ba a ba yaro farar takarda an ce ya tsara magana da kansa ba, alhali kowa ya san wanda bai iya karanta sakin layi ya fahimta ba, ba a maganar ya rubuta nasa.

To yaya ake koyar da rubutun? Ba wani sirri ba ne, kuma ba sabon abu ba ne. A Faransa, ƙasar da Nijar ta gaji tsarin makarantunta, wani malamin ƙauye mai suna Célestin Freinet ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da rauni a huhu, ba ya iya doguwar magana a gaban aji. Sai ya juya abin, ya bar yara su rubuta abin da suka gani a gida da gona da hanya, a karanta a aji, a zaɓi ɗaya a gyara tare a allo. A 1924 ya shigo da ƙaramin injin ɗab'i cikin ajinsa a garin Bar-sur-Loup, yara suna buga rubutunsu da hannunsu suna aika wa yaran wata makaranta mai nisa, su ma suna aiko da nasu. A Amurka kuma Donald Graves na Jami'ar New Hampshire ya shafe shekaru yana zama a azuzuwan firamare yana kallon yadda ƙananan yara ke rubutu, littafin da ya fitar a 1983 shi ya yaɗa abin da malamai ke kira matakan rubutu.

In aka cire turancin, ga abin da ake nufi. Kafin a taɓa alƙalami sai a yi hira, yaro ya zaɓi abin da zai faɗa da wanda zai faɗa wa. Daga nan ya yi zubin farko, ba tare da tsoron jan biro ba, ko da haruffa sun karkace. Sai mataki na uku, wanda a ganinmu shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya kuma shi ne wanda makarantunmu ba su sani ba: ya karanta wa wani, wanin nan ya yi masa tambaya. Wa ya ba wa? Nawa ne? Yaushe? Yaro ya koma ya ƙara, ya rage, ya sauya wa jimla wuri. Sai bayan magana ta tsaya da ƙafarta ake waiwayar ƙa'idar rubutu, a raba "ba ta" da "bata", a sa wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasarsu, a sa aya. A ƙarshe a fitar da rubutun ga jama'a, ko a liƙa a bango, ko a karanta a taron iyaye, ko a aika wa wanda aka rubuta dominsa.

Ɗan kasuwa bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Tela ba ya miƙa wa mai riga kayansa sai an gwada an rage wuya an ƙara hannu, dillali kuma ba ya rufe ciniki da tayin farko. Ko manyan marubutanmu ba zama ɗaya suka yi ba. Lokacin da Abubakar Imam ya tare a Zariya a 1936 yana rubuta Magana Jari Ce, tare da Rupert East na Hukumar Talifi suke bin abin da ya rubuta suna dubawa suna gyarawa. Idan Imam ya buƙaci mai karanta masa zubin farko, ina ga yaron aji uku?

A nan ne maganar harshe ke shigowa, kuma a nan ne muke ganin ministan Nijeriya ya yi gaggawa. Yaro na iya kwafar Faransanci ko Ingilishi daga allo ko da bai san ma'anar kalma ɗaya ba, kamar yadda zai kwafi zanen tsuntsu. Amma ba zai iya yin zubin farko da harshen da ba ya tunani da shi ba, balle abokin zamansa ya yi masa tambaya a kai. Yaron Magarya ko na Maigatari mai shekara bakwai yana da labarai cike da baki a Hausa, a harshen makaranta kuwa kalmominsa ba su wuce na gaisuwa da neman izinin fita ba. In aka ce sai da wannan harshe zai rubuta, an riga an yanke masa hukuncin kwafa.

Ban da haka, lissafin ministan bai fita ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022, lokacin da tsohon minista Malam Adamu Adamu ya sanar da manufar, a aji huɗu yake lokacin da aka soke ta. Bai zauna WAEC ba, bai zauna JAMB ba. Manufar ma ba ta kai ga yawancin azuzuwa ba, don ba a tanadi littattafai da malamai ba. Gwajin da Nijeriya ta yi da gaske a kan wannan batu shi ne na Ile-Ife daga 1970 zuwa 1978 a ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Ingilishin kansa. A kusa da mu ma an ga littattafan Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, duk don koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa. Kuɗin waje ne ya ɗauki nauyin yawancin wannan aiki, Amurka kuwa ta rufe hukumarta ta USAID a 2025.

Sai dai kada 'yan'uwa na ɓangaren Nijar su yi saurin guɗa. Kundin 2025 ya ɗaga darajar Hausa a takarda, amma bai shiga aji ya sauya abin da mushe ke yi da safe ba. Nijar ta daɗe tana wannan alƙawari. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. Binciken da ma'aikatar ilimi ta yi da taimakon Jamusawa a farkon shekarun 2000 ya nuna yaran waɗannan makarantu sun fi iya karatu da harshensu, kuma ba a bar su a baya ba a Faransanci. Duk da haka shekara da shekaru makarantun ba su wuce 'yan gommai ba, ana ta kiransu na gwaji har yaran farko suka yi furfura. Manyan ma'aikata da ke yabon tsarin a taro, nasu 'ya'yan na makarantun kuɗi.

Babban cikas shi ne malami. A 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, an yi wa malaman kwantaragi gwaji a faɗin ƙasa, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami rabin maki. Ba muna faɗin haka don cin fuskar kowa ba ne, mun san irin albashin da suke karɓa da irin jiran da suke sha kafin ya zo. Amma malamin da shi kansa ba a taɓa sa shi ya rubuta shafi guda ya gyara ba, da me zai koyar? Jin Hausa daban, rubuta ta daban. Dubi saƙonnin da muke tura wa juna a waya a nan ɓangaren: "ina kouana", "tchikin kassoua", Hausa da rigar Faransanci. Alhali ƙa'idar rubutun Hausa ta hukuma a Nijar kusan ɗaya take da ta Nijeriya, babban bambancin da mai karatu zai gani shi ne inda Kano ke rubuta 'ya'ya, Yamai na rubuta ƴaƴa. Wannan ma wata riba ce da ba a ci ba, domin littafin da aka buga a Zariya yaron Tasawa zai iya karanta shi, na Yamai ma ya shiga Daura.

Sai kuma halin da azuzuwan ke ciki. Dubban azuzuwa a Nijar na zana ne, ba a kafa su sai an gama girbi an sami kara, don haka karatun da ya kamata ya fara a Oktoba yakan kai ƙarshen shekara. Mutanen Maraɗi ba su manta da gobarar watan Nuwamban 2021 ba, wadda ta cinye yara sama da 20 a irin waɗannan azuzuwa. Ajin da ba shi da bango ba shi da inda za a liƙa rubutun yaro, ba shi da inda za a ajiye zubin jiya don a gyara gobe. Wani malami da muka zanta da shi ya ce mana, "Malam, yara tamanin gare ni. In kowa ya rubuta mini rabin shafi, yaushe zan duba, yaushe zan yi barci?"

Tambayarsa tana kan hanya, kuma duk mai kawo tsarin Amurka ya dasa a ajin zana ba tare da ya amsa ta ba, wasa yake yi. Amma a ganinmu tana da amsa. Ba dole ne malami ya duba kowane zubi ba, aikin abokin zama ne ya fara yin tambaya, malami ya ɗauki rubutu ɗaya ko biyu a mako a gyara tare a babban allo kamar yadda Freinet ya yi. Takarda ma ba dole ba ce a zubin farko. Kowane ɗan lakwal yana da ƙaramin allonsa da alli, wanda yanzu ba a amfani da shi sai don a rubuta amsa ɗaya a ɗaga sama mushe ya gani. Al'ummar da ta saba da rubuta allo, a kai wa malam ya duba, a wanke a sake, ba za a ce gyaran rubutu ya fi ƙarfinta ba. Abin da za mu yarda da shi shi ne, wannan hanya ba ta maye gurbin koyon baƙaƙe da haɗa su. Yaron da bai san harafi ba sai an zauna an koya masa ɗaya bayan ɗaya, kuma masu cewa a bar yara su yi ta rubutu kawai ƙa'ida za ta zo da kanta, su ma sun ɓatar da yara da yawa a ƙasashen da suka gwada.

Ga masu cewa takardar kwastan ba ta jin Hausa, gaskiyarsu. Sanarwar kaya a Ɗan Isa da Faransanci ake cika ta, ta Jibiya da Ingilishi, kuma babu uban da zai so a rufe wa ɗansa wannan ƙofa. Abin da muke cewa shi ne yaron da ya koyi sa kwanan wata, da ambaton wanda ya karɓa, da fayyace irin kuɗin, da sake karanta abin da ya rubuta kafin ya miƙa, ya koya ke nan har abada. Ranar da Faransancinsa ya nuna, da wannan tarbiyya zai shiga cikinsa. Wasu kuma za su ce ai yanzu saƙon murya ya wadatar. Ya wadatar ɗin, har zuwa ranar da waya ta faɗa ruwa, ko mai bashi ya rasu magada suka ce a kawo shaida. Waɗanda kayansu da kuɗinsu suka maƙale a tsallake lokacin rufe iyaka na 2019 da na 2023 sun san bambancin wanda ke da rubutaccen lissafi da wanda ya dogara da "ai mun yi magana".

'Yan kasuwa na da bakin magana a nan fiye da yadda suke zato. Su ne ke cikin kwamitocin kula da makarantu a ɓangarorin biyu, su ake tunkara in za a sayi alli ko a kafa zana. Wanda ya ba da kuɗin alli yana da damar ya tambayi shugaban makaranta sau nawa a wata yara ke rubuta abin da ba daga allo suka kwafa ba. Abin da za mu zuba wa ido a ɓangaren gwamnatin Nijar kuwa shi ne makarantun horon malamai na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso, ko za a fara yaye malaman da aka sa su rubutu da Hausa aka gyara musu, domin daga can ne za a gane ko sashe na 12 zai iso aji.

Shi kuwa ɗan mai wake, kafin su bar gidan rediyon mun ba shi takarda muka ce ya sake rubuta saƙon, direban na zaune yana yi masa tambayoyi. A zubi na biyu ya sa sunan Hajiya amma ya manta irin kuɗin. A na uku ya rubuta ranar, ya rubuta cewa direba ya ba Hajiya sefa dubu goma, jaka goma ke nan, a gaban shagonta bayan sallar la'asar, shi kuma yana tsaye. Duka aikin bai kai rabin sa'a ba. Uban ya ninke takardar ya sa a aljihu, sannan ya juya ya ba direba haƙuri.